Daga Gatari Zuwa Bindigar Ƙusa: Tarihin Kayan Aikin Masu Kafa Gida

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakanin masu aikin gini, musamman kafintocin da ke ɗaura ƙashin gida, wato ginshiƙai da sandunan katako waɗanda bango da rufi ke dogara a kansu. Wasu suna cewa aikin da aka yi da gatari da zarton hannu da guduma ya fi ƙarko, domin mai shi ya taɓa kowane itace, ya san halinsa. Wasu kuma suna cewa wannan begen jiya ne kurum, domin zarton lantarki yana yanka daidai, bindigar ƙusa ba ta gajiya, kuma talaka ba ya samun gida da araha sai aiki ya yi sauri. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Amma idan mai karatu ya bi sawun lamarin a ƙasashen da gardamar ta samo asali, wato Turai da Amurka, zai tarar cewa inji bai fara da shiga hannun kafinta ba. Ya fara ne da kayan da kafinta ke aiki da su, ƙusa da katako. Da ya canza su sai fasalin gida ya canza, da fasalin gida ya canza sai irin sanin da ake nema wurin mai gini ya canza. Sai a ƙarshen tafiya ne zarto da guduma suka sami kishiyoyi masu aiki da lantarki. Tsakanin mataki na farko da na ƙarshe akwai fiye da shekara 150. Sanin waɗannan matakai yana da amfani gare mu, domin wani sashe na labarin yana gudana a garuruwanmu yau.

Zamanin da gida ke tsayuwa ba ƙusa

Kafin ƙarni na 19, gidan katako a Ingila da Faransa da Jamus, da kuma garuruwan da Turawa suka kafa a Amurka, da manyan gungume ake gina shi. A sare itace a daji, a kwantar da shi, a ja masa layi da zare mai baƙin gawayi ko alli, sannan a bi layin da gatari mai faɗin baki har gungumen ya koma mai kusurwa huɗu. Wajen haɗa itace biyu, sai a huda rami a jikin wannan, a sassaƙa harshe a bakin wancan, a cusa harshen cikin ramin, a kulle su da ƙusar itace. Kowace mahaɗa da girmanta, domin babu gungume biyu masu kama ɗaya. Saboda haka kafinta yakan shimfiɗa bangon gaba ɗaya a ƙasa, ya gwada, ya sa wa kowane itace alama, sannan a kwance a kai wurin gini. Ranar tayarwa kuwa sai an yi gayya, domin ginshiƙi guda ya fi ƙarfin mutum biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Irin wannan aiki yana cin shekaru kafin a iya shi. Yaro yakan zauna ƙarƙashin ubangidansa shekara bakwai a al'adar Ingila, yana wasa gatari, yana kallo, kafin a yarda ya ja layi da kansa. Abin da yake koyo ya wuce riƙon kayan aiki. Yana koyon karanta itace: ina ya karkata, ina yake da gaɓa, ta wace fuska zai tsage idan ya bushe, wane ne zai iya ɗaukar nauyi, wane ne sai dai a yi tokara da shi.

Dalilin gudun ƙusar ƙarfe shi ne tsada. Ɗaya bayan ɗaya maƙeri ke ƙera ta. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya kawo lissafi a shekarar 1776 cewa maƙerin da bai saba da aikin ba da ƙyar zai fitar da ƙusa 200 ko 300 a wuni, yaran da ba su da wata sana'a sai ita kuwa suna iya wuce 2,300. A yankin Bajiniya na Amurka, sai da hukuma ta kafa doka a 1645 ta hana masu ƙaura ƙona gidajensu don su tsince ƙusoshin cikin toka. Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, ya buɗe maƙerar ƙusa a gonarsa a 1794, kuma yara bayi ƴan shekara 10 zuwa 16 ne ke wuni a bakin wuta suna dukan ƙarfe. Ya kamata mai yabon zamanin aikin hannu ya tuna da waɗannan yara.

Katako ma haka yake. Mutum biyu ne ke tsaga gungume da dogon zarto, ɗaya a bisa, ɗaya a cikin rami, garin katako yana zubar masa a ido tun safe har yamma.

Ƙusa da katako sun faɗi kasuwa

Injin tsaga katako ya riga na ƙusa. A ƙasar Holan, wani mutum mai suna Cornelis Corneliszoon ya haɗa zarto da injin da iska ke juyawa a 1594, abin da ya taimaki ƙasarsa ta yi fice wajen ƙera jiragen ruwa. A Ingila masu tsaga da hannu sun ga abin da ke tafe, har a 1768 ɗaruruwansu suka far wa wani injin katako a unguwar Limehouse ta Landan suka farfasa shi. A Amurka kuwa, inda daji ya yi yawa ma'aikata suka yi kaɗan, babu mai tsayawa gardama: ko'ina aka sami rafi mai gudu sai a kafa inji, daga baya tururi ya karɓi aikin ruwa.

A 1795 Jacob Perkins, mutumin jihar Masacuset, ya yi rajistar injin da ke yanko ƙusa daga fallen ƙarfe ya kuma yi mata kai. Wasu suka bi sawunsa suna gyarawa. Ƙusar da ake sayen laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, a kan santi 25 lokacin da maƙera ke yin ta, ta sauko santi 8 a 1828, ta koma santi 3 a 1842. Kafin ƙarshen ƙarnin sai ga ƙusar waya, irin wadda muke saya a kilo yau, ta fi waccan ma araha.

To, a lura: har zuwa wannan lokaci babu abin da ya canza a cikin akwatin kafinta. Zartonsa na hannu ne, gudumarsa ta hannu ce. Abin da ya canza shi ne kayan da ake sauke masa a wurin aiki. Maimakon gungume mai halin kansa, sai ga siraran katakai masu awo ɗaya, da buhun ƙusa da ba a jin ciwon zubar da ita.

Abin da ya faru a Shikago

A 1833 Shikago ƙauye ne a bakin tafki, mutanensa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. A 1850 sun kai kusan 30,000, a 1870 kusan 300,000. Gari mai girma haka ba ya jiran kafintan da ya yi shekara bakwai yana koyo, kuma kewayensa fili ne mai ciyawa, babu manyan itatuwa, sai katakon da jiragen ruwa ke kawowa daga dazuzzukan arewa. A nan aka shahara da sabuwar hanyar kafa gida. Masana tarihi sun fi danganta farkonta da wani ɗakin ajiya da George Snow ya gina a 1832, da kuma majami'ar Saint Mary da Augustine Taylor ya gina a 1833.

Dabarar mai sauƙi ce. A bar manyan ginshiƙai, a jera siraran katakai a tsaye, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kusan santimita 40, daga tushe har rufi, a ɗinke su da ƙusa, a lulluɓe da alluna. Nauyin da ginshiƙi huɗu ke ɗauka a da, yanzu an raba shi ga sanduna masu yawa. Babu rami, babu harshe, babu gayya. Mutum biyu da zarto da guduma da ma'aunin kusurwa suna iya tayar da gida cikin ƴan kwanaki. Tsofaffin kafintoci suka yi wa abin ba'a, suka ce ginin balan-balan ne, iska za ta ɗauke shi, sunan kuwa ya bi shi har yau. Iska ba ta ɗauke shi ba. Da shi aka gina garuruwan yammacin Amurka, jirgin ƙasa yana kai katako da ƙusa inda babu ko bishiya ɗaya.

Nan ne tsohuwar sana'a ta sha kaye, shekara 90 kafin a ƙirƙiro zarton lantarki na hannu. Wanda ya iya sassaƙa mahaɗa ya wayi gari ba mai neman abin da ya iya. Ba a hana shi aiki ba, ba a karɓe gatarinsa ba, an dai daina gina irin gidan da ke bukatarsa.

Sabon ginin yana da nasa aibi. Ramin da ke tsakanin sanduna tun daga ƙasa har sama yana zuƙar wuta kamar bututu. Gobarar Shikago ta watan Oktoba 1871, a garin da kusan duk gininsa katako ne, ta cinye gine-gine kusan 17,500, ta bar mutum kusan 100,000 ba matsuguni. A hankali magina suka koma gina hawa ɗaya, su shimfiɗa masa daɓen katako, sannan su tsaya a kai su gina na biyu. Wannan hanya tana datse wa wuta hanya, kuma gajerun katakai sun ishe ta. Ita ce ta mamaye Amurka da Kanada tun wajen tsakiyar ƙarni na 20.

Lantarki ya iso hannun ma'aikaci

A 1895 kamfanin Fein na birnin Stuttgart a Jamus ya ƙera injin huda mai lantarki wanda ake riƙewa a hannu. A 1917 kamfanin Black & Decker na Amurka ya yi rajistar irinsa mai mariƙi da kunama kamar na ƙaramar bindiga, fasalin da har yau ba a canza ba. Zarton kuwa labarinsa daga gonar rake ya faro. Edmond Michel, haifaffen Faransa mazaunin New Orleans, ya ga wahalar masu saran rake da adda, ya yi ƙoƙarin sa wa addar inji. Abin bai yi ba, amma daga nan ya kai ga ɗora ƙaramin faifan zarto a kan injin. Shi da abokin cinikinsa Joseph Sullivan suka kafa kamfani a 1924, wanda daga baya ya ɗauki sunan Skilsaw, kuma samfurinsa mai lamba 77 na shekarar 1937 ya zama abokin tafiyar kafintocin Amurka tsawon zamani.

Duk da haka kayan ba su bazu nan da nan ba. Suna da nauyi, suna da tsada, kuma sai inda waya ta kai. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kurum ke da wutar lantarki a Amurka, sai da gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 1935 don kai wuta karkara. Saboda haka dubban gidajen da kamfanin Sears ya sayar ta hanyar wasiƙa daga 1908 zuwa 1940, fiye da 70,000, akasarinsu da guduma aka harhaɗa su. A masana'anta ake yanke katakon, a buga wa kowanne lamba, a loda a jirgin ƙasa tare da ƙusa da littafin bayani. Inji yana can nesa yana yin tunanin awo, mai gida yana nan yana bugawa.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne komai ya haɗu wuri ɗaya. Miliyoyin sojoji suka dawo gida suna neman aure da muhalli, gwamnati ta tsaya musu wajen bashin banki. William Levitt, wanda ya yi aiki a rundunar magina ta sojojin ruwa, ya sayi gonakin dankali a kusa da New York, ya gina gida 17,447 daga 1947 zuwa 1951, garin da ake kira Levittown. Ya karkasa ginin gida zuwa mataki 27, kowace ƙungiyar ma'aikata da matakinta. Masu daɓe su wuce, masu bango su biyo, masu rufi su biyo, akwai wanda ba ya komai sai fenti launi ɗaya. Katako yana isowa a yanke, kamfanin yana ƙera ƙusarsa da kansa, ana biyan ma'aikaci gwargwadon abin da ya gama. A lokacin da aiki ya kankama ana kammala fiye da gida 30 a rana, ana sayar da shi ƙasa da dala 8,000. Iyalai da yawa da ba su taɓa mafarkin mallakar gida ba sun samu. Baƙaƙen fata kuwa, har da waɗanda suka yi yaƙin, takardar yarjejeniya ta hana su shiga.

Sauran kayan suka biyo baya. A shekarun 1950 aka fara haɗa tsaikon rufi a masana'anta da faranti mai haƙora, a kawo shi a mota, wanda ya ɗauke wa kafinta lissafin da ya fi kowanne wuya a sana'arsa. Bindigar ƙusa mai aiki da matsattsiyar iska ta bazu daga shekarun 1960. Black & Decker ya fitar da injin huda mai batir a 1961, kamfanin Paslode ya fitar da bindigar ƙusa marar igiya a 1986, sannan batirin litiyom ya shigo kayan aiki wajen 2005, ya raba ma'aikaci da jan waya.

Riba da kuɗin da aka biya

Ribar a fili take. Gida ya yi araha, yanka ya yi daidai, kafaɗa da gwiwar hannun kafinta sun huta da bugun dubban ƙusoshi a wuni. Mutumin da ke ƙarƙashin ramin zarto da yaron da ke bakin maƙera ba wanda zai so ya mayar da su.

Amma an biya kuɗi iri biyu. Na farko a jikin ma'aikaci. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa daga 2001 zuwa 2005, mutum kusan 37,000 ne bindigar ƙusa ke kaiwa asibiti kowace shekara. Bincike ya nuna cewa irin wadda ke harbi da zarar bakinta ya taɓa katako tana ninka haɗari sau biyu a kan wadda sai an danna baki sannan a ja kunama, amma an fi son ta farko domin ta fi sauri. Ga kurumcewa da ƙarar inji ke jawowa sannu a hankali.

Na biyu a jikin gidan. Mai bugu da guduma yana ji a hannunsa idan ƙusa ta kuskure sandar da ke ƙarƙashin allo, domin sai ta zurma ba tirjiya. Bindiga ba ta gaya wa mai ita komai, ƙararta ɗaya ce ko ta samu ko ta kuskure. Da guguwar Andrew ta afka wa kudancin Fulorida a watan Agusta 1992, masu binciken ɓaraguzai sun tarar da allunan rufi da yawa waɗanda ƙusoshinsu suka bi iska ba su kama komai ba, wasu kuma da siraran maƙalai aka riƙe su. Bayan haka aka tsananta dokar gini a yankin. Laifin ba na bindiga ba ne ita kaɗai: aiki ne aka yi shi da gaggawa, a hannun mutanen da ba a koya musu abin da ido zai duba ba tun da hannu ya daina ji. Sauri ya haifi nawa.

Ranar da aka nemi masu gatari

A ranar 15 ga Afrilu 2019 wuta ta cinye rufin babbar majami'ar Notre-Dame ta Paris. Ƙashin rufin, wanda aka ɗaura a ƙarni na 13 da wani itace mai ƙarfi da Faransawa ke kira shen, ya ƙone ƙurmus. Da farko an yi ta kawo shawarar a mayar da shi da ƙarfe ko kankare, ana cewa babu sauran masu iya irin wancan aiki, babu kuma lokaci. Wata ƙungiyar kafintoci mai suna Charpentiers sans frontières ta ba da amsa a aikace: a 2020 membobinta suka sassaƙa ɗaya daga cikin tsaikunan rufin da gatari kaɗai, suka tayar da shi da igiya a dandalin majami'ar jama'a suna kallo. A wannan shekarar ce hukuma ta yanke shawarar mayar da ginin yadda yake.

Masu binciken tsofaffin gine-gine sun riga sun nuna cewa maginan ƙarni na 13 da ɗanyen itace suka yi aiki, kowace sanda daga bishiya guda, zuciyar itacen tana tsakiya. Icce tun yana ɗanye ake sarrafa shi. Gatari yana bin jijiyar itace yadda ta tafi, zarto kuwa yana ratsa ta ya yanke, shi ya sa sandar da aka sassaƙa ba ta cika murɗewa ba idan ta bushe. Aka sa maƙera suka ƙera gatura kusan 60 don wannan aiki, aka sare itatuwa kusan 2,000 don rufin da hasumiyarsa. An kammala ƙashin rufin a farkon 2024, aka sake buɗe majami'ar a ranar 7 ga Disamba 2024.

Wanda zai ce hannu ya ci inji a wannan karo bai duba da kyau ba. Da kwamfuta aka zana fasalin rufin, manyan motoci suka ɗauko gungumen, injin ɗaga kaya ya hau da tsaikunan sama, hasumiyar ma, da yake ginin ƙarni na 19 ce, da katakon inji aka mayar da ita kamar yadda aka yi ta tun asali. Kowane kayan aiki an ajiye shi inda ya fi dacewa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne an sami mutanen da suka san dalilin zaɓen. Kuma ba daga sama suka faɗo ba. Faransa ta riƙe tsarin ƙungiyoyin masu sana'a da ke yawo gari gari suna koyo wurin gwanaye, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2010, bayan ta sa fasahar zanen ƙashin rufi ta kafintocin ƙasar a 2009. Ga kuma gyaran tsofaffin gine-gine da bai taɓa yankewa ba, wanda ke ba mai gatari abin da zai ci.

Mu fa, a ina muke?

Kafintan da ke ɗaura rufin kwano a Maraɗi ko Tawa ko Yamai, da zarton hannu da guduma yake yawan aikinsa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: bisa ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar. Amma katakon da yake yankawa inji ne ya tsaga shi a ƙasashen kudu masu daji, ƙusarsa ta waya ce daga masana'anta, kwanon ma haka. Hannunsa ne kawai bai koma inji ba. Kayan batir da faifan hasken rana suna kawar da shingen da ya rage, kuma babu dalilin baƙin ciki a nan, in dai an koya wa yara kiyaye yatsunsu da idanunsu da kunnuwansu.

Abin da ke cikin haɗari wani ne dabam, kuma shi ne takwaran tsohon ginin gungume da ƙusa ta kayar a Shikago: ilmin azara da ƙasa. Magabatanmu sun san cewa azarar da aka fasa daga gangar giginya gara ba ta cika cin ta ba, sun kuma san ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazara ta wuce kusan mita 2. Daga wannan iyaka suka fitar da fasaha: a jera azara hawa hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har a sami bakan gizo da daurin guga masu rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya. Da wannan sani Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, da shi aka gina sorayen fadar Damagaram, da shi kuma Falke Barmu ya fara masallacin Yama na jihar Tawa a 1962, ginin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Kayan aikinsu gatari ne da gizago da fartanya da tafin hannu. Ba zarton lantarki ne ya ture su ba. Siminti da kwano ne, da ƙarancin giginya, da kuma ganin da ake yi wa gidan ƙasa a matsayin alamar rashi.

Sakamakon yana gabanmu. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. A farkon Satumba 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon kusan mita 27, yana cikin jerin gadon duniya tun 2013, kuma kowace damina jarrabawa ce gare shi. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo da canjin azarar da ta gaji, kuma duk wannan sai da wanda ya san inda zai duba.

Paris ta sami masu gatari a ranar da ta neme su domin ba ta bari aikinsu ya yanke ba. A nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa. Cibiyoyin koyon sana'a su fara ɗora yaro a kan zarton hannu da guduma har hannunsa ya san itace, sannan a miƙa masa inji tare da ƙa'idojin tsaro. A zauna da sarakunan magina da tsofaffin gwanaye a rubuta sunayen kowane irin baka da kowane irin ɗauri, da awonsu, da Hausa, tun suna raye. Duk gyaran da za a yi wa fada ko masallaci ko ƙofar gari a sa sharaɗin ɗaukar almajirai a cikinsa, a biya su, domin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita rubutu ba ya ceton ta. A kuma tsaya wa dazuzzukan giginya na Gaya da Dallol Mawri, domin giginyar da za a fasa azara mai kyau daga jikinta tana cin shekaru masu yawa kafin ta ƙosa. Wanda ya dasa ta bana, jikansa ne zai yi rufi da ita.